Yayana Mai Aurar da Mangwaro

Yayana ya yi shekara goma sha ɗaya yana aiki a sakatariyar ƙaramar hukumarmu kafin ya ajiye. A ofishin rajista yake, inda ake karɓar takarda a buga mata hatimi a jefa ta cikin fayil. Mu mutanen Likoro ne, a ƙasar Kudan, kuma mu biyu ne maza a wurin Inna, shi babba ni ƙarami. Mahaifinmu ya rasu ina sakandare, saboda haka Yaya ne ya ƙarasa rainona, da albashin wannan ofis ɗin aka kai ni Zariya na yi karatun malanta. Na fara da wannan ne don a san cewa ranar da ya ce zai bar aikin, babu wanda ya kai ni jin haushi, kuma a ganina ina da hujja.

Tun yana yaro ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ranar kasuwar Makarfi sai ya saci jiki ya hau keken Baba ya tafi, ba don ya sayi komai ba, sai don ya tsaya inda ake lodin rake ya tambayi direbobi ina za su, kwana nawa ake yi a hanya, me ake ci a can. Ya sha bulala a kan wannan, bai daina ba. Abu na biyu da yake so shi ne itace. Duk ƙwallon da ya tsotse ba ya yarwa, sai ya tona rami a bayan ɗaki ya binne. Inna takan ce in aka ƙyale shi sai ya mai da mata tsakar gida kurmi.

Yana cikin aikin ofis ne aka aike shi garin Kudan ya kai wa wani dattijo takardar fansho. Dattijon Kirista ne, mutumin kudancin Kaduna, ya yi aikin malamin gona har ya yi ritaya, ya ci gaba da zama a nan saboda a nan 'ya'yansa suka tashi. A bayan gidansa Yaya ya ga mangwaro guda ɗaya ɗauke da 'ya'ya iri uku: reshe ɗaya masu zare irin namu na gida, ɗaya manya masu jan kumatu, ɗaya dogaye masu ƙamshi. Ya ce mini har ya manta da takardar a aljihunsa, sai da dattijon ya tambaye shi abin da ke tafe da shi.

Daga ranar, duk Asabar yana can. Dattijon ya koya masa auren itace. Za ka shuka ƙwallon mangwaron gida, wanda saiwarsa ta san ƙasarmu kuma take jure rani. In ya tashi ya kai kaurin fensir sai ka yanke kansa, ka tsaga shi, ka samo ɗan reshe daga itace mai daɗin 'ya'ya, ka fiƙe gindinsa, ka cusa a tsagar, ka naɗe da leda. Idan Allah ya sa suka karɓi juna, ƙasa na gida ne, sama baƙo ne, kuma cikin shekara uku ko huɗu ka fara shan 'ya'yan baƙon. Yaya ya ce dattijon ba ya dogon bayani. Abin da yake maimaitawa kawai shi ne wuƙa ta yi kaifi, hannu ya zama da tsabta, kada kuma mutum ya riƙa buɗe ledar yana leƙe.

Shekara biyu yana wannan a gefen aikinsa, ya tara dashe a fadamar da muka gada, kafin wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya tara mu a ɗakin Inna. Ni ma na zo daga Ikara, inda nake koyarwa. Ya gaishe ta, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce yana neman ta sa masa albarka zai ajiye aiki.

Inna ta ajiye carbinta. "Aikin gwamnatin ake ajiyewa kamar faifai? Wani laifi ka yi?"

"Ban yi laifin komai ba, Inna. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kallon bango ɗaya. Duk tsagar da ke jikinsa na san ta."

"To, ka yi me?"

"In riƙa zuwa inda itatuwa masu kyau suke, in samo irinsu, in aura, in sayar."

"Yawo dai," in ji Inna. "Yawon nan da ubanka ya kasa raba ka da shi, shi ne ka nemo masa suna."

Ni ban jira aka ba ni dama ba. Na ce masa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, na ce mutane nawa ke neman kujerar da yake so ya tashi a kai, na ce ya tuna yana da mata da 'ya'ya uku. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, kuma ba zai bar gonar masara da dawa ba, rumbu zai cika kafin ya ɗaga ƙafa ko'ina.

Inna ta sa aka kira matarsa, 'yar garin Taba ce, mace mai ƙarancin magana a gaban surukai. Ta durƙusa a bakin ƙofa. Inna ta ce, "Kin ji abin da mijinki yake shirin yi?"

Ta ce, "Na ji, Inna. Ni dai in daga ofis ya dawo, yara ba sa kusantarsa sai ya huta. In daga fadama ya dawo, tun daga zaure muke jin yana fito."

Inna ta ɗauki carbinta. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce Allah ya sa ba nadama a ciki, muka ce amin, nawa amin ɗin bai kai zuci ba.

Daminar farko ta kusa gaskata ni. Yana can ƙasar Binuwai neman irin lemo aka yi kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, rafi ya cika ya haura fadama. Matarsa da wani maƙwabcinmu suka shiga ruwa har gwiwa suna tsamo ledojin dashe, amma abin da suka ceto bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wahalar shekara biyu ta bi ruwa. Da ya dawo na same shi tsaye a bakin fadamar, laka ta rufe komai, na gaya masa maganar da har yau nake jin kunyarta. Na ce ai bangon ofis ruwa ba ya tafiya da shi.

Ya juya ya nufi gida. Washegari ya fara share filin da ke bayan gida, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya kira masu haƙar rijiya. A ranin nan na ga Yaya yana bin bola da bakin kasuwa yana tsintar ƙwallon mangwaro a buhu, mutumin da a da ake ce wa ranka ya daɗe a bakin ofis. Wasu sun yi masa dariya. Shi kuwa in ya gamu da su sai ya tsaya a gaisa sosai, a tambayi iyali, ya saɓa buhunsa ya wuce.

Abin da ya fara ɗaga shi ba dashen ba ne. Wani manomi a Taba yana da tsofaffin mangwaro masu zare guda biyar a gona, ya yi niyyar sare su don ba sa kawo masa komai sai inuwar da ke hana masara. Yaya ya roƙe shi ya bar masa su. Ya datse rassan, ya jira suka yi sabon toho, ya aura musu iri mai kyau a sama. Da yake tsofaffin itatuwa ne masu ƙarfin saiwa, ba a daɗe ba suka fara zuba manyan 'ya'ya a bakin hanya inda kowa ke gani. Daga nan aka fara kiransa. Yau yana ƙauyukan Makarfi, jibi yana bayan Ikara, a ba shi masauki da tuwo, ya yi kwana biyu a kan tsani, a sallame shi. Yana ɗaukar hoton itatuwan a waya, kafin aure da bayan aure, yana tura wa manoma, su kuma suna tura wa wasu. Har ta kai mutanen da bai taɓa gani ba suna kira daga Funtua da Kano, a sa musu dashe a motar kasuwa. Doka ɗaya ya kafa wa kansa: ba ya karɓar aikin da zai riƙe shi wuri ɗaya fiye da mako guda.

Ni duk da haka ban sauko ba. Ina ganin ci gaban, amma ina ce wa kaina sa'a ce. Sai a wani dogon hutu na makaranta, cikin damina, ya zo har Ikara ya ce in shirya in raka shi. Wani direban babbar mota ya ba shi labarin mangwaro a wani ƙauye gaba da Saminaka, wanda ba ya nuna sai an manta da mangwaro a kasuwa. Ya ce ya kira mutane uku a hanyar, sun ce lafiya lau take a 'yan kwanakin nan. Na ce ni me zan yi a can? Ya ce, "Ka riƙe mini tsani."

Muka hau babur ɗinsa da sassafe. A baya ya ɗaure ƙaramar kular abinci, da zarto, da jakar wuƙaƙensa. Tafiyar da mota ke yi cikin 'yan awanni mu sai da muka kusa wuni, domin Yaya ba ya wuce abu. Ya tsaya ya dubi yadda wasu mutane ke jera kunyar citta. Ya tsaya wurin mai shayi ya ji labarin gada da aka gyara. A wata kasuwa ya sayi gwaiba guda ɗaya, ya gutsira, ya koma ya tambayi mai tallan daga gonar wa ta fito. Kusan ko'ina akwai wanda ya san shi, a ce, "A'a, mai aure ne!" a jawo benci. Ni da nake ganin na fi shi karatu, na lura ban san sunan rabin abin da ke tsirowa a bakin hanyar ba, shi kuwa yana kiran kowanne yana faɗin inda ya fara ganinsa. Wani wuri da hanya ta hau tudu ya kashe babur, muka tsaya muna kallon duwatsu da gajimare na zaune a kansu, gonaki kore shar har iyakar gani. Na dubi fuskarsa, sai na ga irin fuskar da yake dawowa da ita daga Makarfi muna yara, tun kafin a ɗauko bulala.

Ƙauyen a gindin dutse yake. Muka fara zuwa wurin mai unguwa muka yi gaisuwa, ya ba mu zaurensa, ya haɗa mu da wanda ya kai mu gidan mai itacen. Tsohuwa ce ita kaɗai, 'ya'yanta duk sun yi aure ko suna birni. Tana jin Hausa sarai, sai dai harshenta na garinsu yana leƙowa. Itacen yana tsakar gida, ga 'ya'ya nan reto, manya, koraye ne ko da sun nuna. Ta tsinko ɗaya ta yanka mana. Ba zare ko ɗaya, ƙwallon sirit kamar takarda. Yaya ya ɗauki ƙwallon yana jujjuya shi.

Ya yi mata bayanin abin da ya kawo shi, ya ce rassa ƙanana yake so, kamar yatsa, kuma zai biya.

Ta ce, "A'a."

Ya ce, "Mama, ba zai cutar da itacen ba."

"Na sani. Maigidana ne ya dasa shi shekarar da ya dawo daga aikin soja. Tun da ya rasu ƙarfe bai taɓa shi ba. Ku sha iyakar shanku, ku ɗiba ku kai wa yara. Amma ba a yanka."

Na ɗauka za mu juya. Da muka fito na ce masa ya ƙara mata kuɗi, ko ya bi ta wurin mai unguwa. Ya ce, "Wanda ya ce maka a'a saboda mamacinsa, ba ka zagaye shi." Na ce to mu tafi gida mana. Ya ce ya ga lemonta na bayan ɗaki yana fama, kuma dangarta ta faɗi ta gefen rafi.

Kwana biyu muka yi a ƙauyen. Ya sassabe wa lemon busassun rassa, ya tone gindinsa ya zuba taki. Muka sari itace muka tayar da dangar, ni malamin makaranta har kanta ta fito mini a tafin hannu. Maƙwabta suka ji akwai mai aure, suka zo, ya nuna musu a kan gwaibar wani mutum, ya sa kowa ya riƙe wuƙar da hannunsa. Tsohuwar tana dafa mana faten acca tana aiko mana, ta kuma shimfiɗa mana tabarma mai tsabta a gefe in lokacin salla ya yi. Ko sau ɗaya Yaya bai sake ta da maganar reshe ba. Labarin mijinta yake tambayarta, tana ba shi, har inda mutumin ya samo itacen da yadda ya riƙa shayar da shi da ruwan wanke-wanke.

Ranar da za mu tafi muka je sallama. Ta dube shi ta ce, "In ka yanka, ka ce zai zama wani itacen, iri ɗaya da wannan?"

"Shi ɗin ne dai, Mama, a wani wuri."

Ta ce 'yarta ta fari tana aure a wani gari mai nisa, kullum tana shuka ƙwallon amma abin da ke fitowa daban ne. In zai kawo mata guda ɗaya da hannunsa ta aika wa 'yar, to ya yanka. Amma ita za ta nuna reshen.

Ta nuna, na riƙe tsani, ya yanko goma sha biyu. Ya zage ganyen, ya naɗe su a jiƙaƙƙen ƙyalle, ya sa a kula. A hanyar dawowa mutumin da ba ya wuce mai shayi bai tsaya ba sai don salla da mai, domin reshe ba ya jira. Muna isa Likoro da la'asar ko ruwa bai sha ba ya zauna a kan kututture, matarsa na miƙo masa leda. Bakwai suka kama. Da damina ta zagayo ya ɗaura biyu a bayan babur ya koma, ɗaya na 'yar, ɗaya ya ce na tsohuwar ne ta ba wanda take so. Ban bi shi wannan karon ba, amma ya nuna mini hotonta riƙe da ledar da hannu biyu.

Bayan wannan tafiyar bakina ya mutu a kan maganar ofis. Sai dai an sake gwada ni. Wani Alhaji mai hali ya sayi babban fili kusa da Ikara ya kewaye, yana so ya cika shi da itatuwa. Ya sa aka nemo Yaya, ni kuma na raka shi tunda a garin nake. Aka zaunar da mu a falo mai sanyi, aka kawo lemo. Alhaji ya ce ba dashe kaɗai yake so ba, mutumin yake so. Zai naɗa shi manajan gona, da albashi, da gida a cikin gonar, da mota. Ni da na ji an ambaci mota sai na taka ƙafar Yaya a ƙarƙashin tebur.

Yaya ya yi godiya mai tsawo, ya yi wa Alhaji addu'a, sannan ya ce ba zai iya ba.

Alhaji ya ce, "Abin ya yi kaɗan ne? Faɗi naka."

"Wallahi ya yi yawa ma, Alhaji. Amma abin da ya sa ka neme ni shi ne irin da nake da shi, kuma a hanya nake samo shi. In na zauna a gonarka, na baɗi a ina zan samo?"

"Sai in riƙa ba ka hutu."

"Allah ya ƙara arziki. Na taɓa yin aikin da ake ba ni hutu."

Fuskar Alhaji ta canza, na ga bai saba a ce masa a'a ba. Yaya ya ce ga abin da zai iya: zai zo mako guda a farkon damina ya dasa, ya dawo wani makon ya duba, kuma a ba shi biyu daga cikin leburorin gonar ya koya musu aure har su iya ba tare da shi ba. Alhaji ya ce wane irin mai sana'a ne zai koya wa wasu abin da ake biyansa dominsa? Yaya ya ce shi ma kyauta aka koya masa. Alhaji ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Wannan wan naka ba ya son ubangida." Daga baya dai ya yarda da tsarin, kuma har yanzu duk shekara yana aiko masa da buhun shinkafa da azumi.

A hanya na ce masa, "Yaya, mota fa." Ya yi dariya har babur yana karkacewa, ya ce motar da za a ce maka ga inda za ka da ita, ai ta mai ita ce.

Ba zan ce wannan rayuwa ba ta da tsada ba. Akwai shekarar da Inna ta faɗi a tsakar gida, jininta ya hau, Yaya yana can saman tsaunin Mambila, ƙasar noman shayi, inda waya ba ta shiga. Ni da matarsa muka kai ta asibiti a Zariya, muka yi kwana uku muna nemansa ba mu samu ba. Da ya iso, a gajiye, idonsa ja, na ja shi waje na gaya masa cewa 'yancinsa wasu ne ke ɗauke da nauyinsa. Wannan karon ban ji kunyar maganata ba, shi ma bai yi musu ba. Ya ce gaskiya ne. Allah ya ba Inna sauƙi, kuma shekarar nan gaba ɗaya bai kwana a waje ba. Tun daga lokacin, kafin ya tafi sai ya gaya mana hanyarsa gari-gari, ya bar lambar wani a kowane zango. Inna kuwa, wadda ba ta taɓa cewa ta yarda ba, na ji ta wata rana tana gaya wa wata baƙuwa cewa ɗanta har ƙasar da ake shan shayi daga gona ya je.

Ni har yau ina koyarwa, kuma ina son aikina. Ina son in san inda zan kasance ranar Litinin. Na gane ba kowa aka halitta da irin ƙafar Yaya ba, kuma ba ƙafar kaɗai ba ce: na ga yadda yake cika rumbu kafin ya tafi, da yadda ya tsinci ƙwallo a bola bai sunkuyar da kai ba. Yawancin masu cewa suna sha'awar rayuwarsa, tafiyar suke gani.

Gonar dashen yanzu a hannun matarsa take. Ita ke amsa waya, ita ta san wanda aka yi wa alkawari da ranar da motar Funtua ke tashi. Ta koyi aure tun tana miƙa leda, kuma nata ya fi nasa kamawa, abin da shi da kansa yake faɗa. Ina tsokanarta da cewa ita ce manajan da Alhaji ya rasa, ta ce in biya ta albashin tukuna.

Bara, bayan an gama girbi, ta same shi yana ɗaure kaya ta ce, "Shekara nawa ina shayar da itatuwan garuruwan da ban taɓa gani ba. Wannan karon da ni za a."

Ya ce babur ba zai yi mata daɗi ba. Ta ce ai akwai motar haya. Aka bar yara wurin Inna, ni da matata muka karɓi ban ruwa da yake lokacin hutun makaranta ne, suka tafi Jos da ƙauyukan da ke bayanta, kwana tara. Ban san wahalar ban ruwan nan ba sai lokacin. Guga nawa na ja, bayana ya sani.

Ta dawo da rigar sanyi da ta saya a hanya, da labarin gonakin dankalin Turawa a kan duwatsu, da wata mata da ta sauke su wadda ba ta noma komai sai furanni, kuma da su take ciyar da gidanta. Ta kuma dawo da kwali cike da ƙananan tukwanen furanni. Yaya ya ce ya gaya mata zafin Likoro zai kashe su, ta ce a bari ta gani. Ta yi musu rumfar kara a gefen rijiya. Wasu sun mutu, da yawa sun rayu, kuma wata malamar asibiti a Zariya ta riga ta aiko a ajiye mata shida. Ranar da na je ƙarshe na tarar da matan unguwa zaune a gindin rumfar, tana ba su labarin yadda hazo ke sauka a kan hanya da rana tsaka har direba ya kunna fitila, suna cewa ƙarya ne, tana rantsuwa.